Hasken ɗaukar hoton tufafi a gida da kuɗi kaɗan

Rakia (Yamai): Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Kayan ɗinki in an ɗauke su hoto a ɗaki da salula sai launinsu ya sauya. Ja ya koma ruwan goro, farar shadda ta yi ɗorawa-ɗorawa, baƙin leshi kuma zanensa ya ɓace gaba ɗaya. Ɗakin mita 3 ne a kan 4, taga ɗaya, ampul ɗaya a tsakiyar silin. Abin da zan iya kashewa bai wuce jika 15 ba. Ana ta ce mini in sayi fitilar zobe. Ita ce maganin?

Malam Issoufou mai hoto: Wa alaikumus salam ƙanwata. Riƙe kuɗinki tukuna. Daga yadda kika kwatanta, haske biyu ne ke faɗa a ɗakin: na taga da na ampul. Launinsu ba ɗaya ba ne. Idon mutum yana daidaita su bai ma sani ba, amma salula ɗaya kawai za ta iya bi. In ta bi na taga, gefen ampul ya yi rawaya. In ta bi na ampul, gefen taga ya yi shuɗi. Gwajin farko ba ya cin ko dala: ki kashe ampul ɗin, ki rataye rigar kamar mita ɗaya daga taga, yadda hasken zai zo mata ta gefe, ba ta baya ba. Ke ma ki tsaya gefe, kada ki tare tagar. Ɗaya gefen rigar zai yi duhu, sai ki jingina wani faffaɗan farin abu a can ya mayar da hasken. Farin kwali, farin zanen gado da aka shimfiɗa a bayan kujera, ko farin soson nan mai tauri da ake sako firiji da talabijin a ciki. Ki ɗauka ki kwatanta da na da.

Rakia (Yamai): To Malam, in rana ta shigo ta tagar fa? Da safe har tsakiyar ɗakin take zuwa.

Malam Issoufou mai hoto: Tagarki gabas take kallo ke nan. Rana tsirara ba ta yi wa tufa kyau, inda ta taɓa sai ya ƙone fari fat, inda ba ta taɓa ba ya yi baƙi. Ko dai ki jira ta ɗaga ta bar tagar, wajen ƙarfe 11 zuwa sama, ko ki rufe tagar da farin yadi mara kauri, ninki ɗaya ko biyu. Farin labule mai shara-shara ya isa. Sharaɗin kawai ya zama fari tas. Labule mai ruwan madara ko mai ɗan shuɗi zai rina miki duk abin da ke ɗakin.

Mariama: Ni abin da ake faɗa kullum shi ne a nemi tagar da ke kallon arewa, wai rana ba ta shiga ta nan.

Abdoul-Aziz (Tahoua): Wannan maganar ta ƙasashen da ke can arewa ce, Yaya Mariama, a nan rabinta ne gaskiya. Yamai tana kan daraja 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Tahoua ta kusa 15. Saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana ta arewacinmu take bi, kuma a watannin nan tagar kudu ce ke cikin inuwa wuni guda. Daga Oktoba zuwa Fabrairu kuwa rana ta karkata kudu, lokacin ne tagar arewa ke da amfani. Wanda ke da rumfa ko baranda ma bai buƙatar taga. Inuwar baranda da ke buɗe wa sararin sama babban haske ne mai laushi, kyauta. Sai dai a lura da abu guda: ƙasarmu ja ce, katangar laka ma haka. Rana in ta bugi jar ƙasa sai ta dawo kan farar riga da ja-ja, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa. A shimfiɗa farin zane a ƙasa gaban rigar, kamar mita 2 a kan 2, sai ka ga jan ya tafi.

Malam Issoufou mai hoto: Haka yake. Kuma fentin ɗaki ma yana yin wannan aikin. Ɗakunanmu da yawa kore ne ko shuɗi. Haske ya bugi koren bango ya dawo, farar shadda ta kwashe shi. A lokacin hunturu kuma, in hazo ya rufe gari, hasken yana da laushi ƙwarai amma ya karkata zuwa rawaya, kuma yana sauyawa daga rana zuwa rana. Shi ya sa mai sayar da kaya kullum ba zai dogara da taga kaɗai ba. Riga goma in an ɗauke su a ranaku daban-daban, bangon bayansu zai fito kala goma.

Harouna mai gyaran wuta: To bari in shigo ta ɓangaren ampul, tunda nan ne kuɗi ke salwanta. Abu huɗu ake dubawa a jikin kwalin LED, ba wat kaɗai ba.

Na farko lambar da ke da K a ƙarshe, ita ce launin hasken. 2700K zuwa 3000K rawaya ne. 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, shi ne ya cika kasuwa. Wanda ya fi kusa da hasken rana 5000K ne zuwa 5500K. In ba a samu ba, 6500K zai yi aiki, muddin duk ampul ɗin iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, kuma an saye su tare. Salula tana iya gyara haske ɗaya ko da ya karkata. Biyu ne ba ta iyawa.

Na biyu, kuma shi ne ya lalata wa Rakia ja, lambar CRI ce, wasu kwalaye Ra suke rubutawa. Tana nuna yadda ampul ke fito da launin abu na gaskiya, iyakarta 100. Na gida da aka saba 80 ne, masu arha sosai ba su ma kai ba. Don tufafi a nemi 90 ko sama. LED mai arha jan da ke cikin haskensa kaɗan ne, saboda haka jar atamfa ba ta da abin da za ta mayar wa kyamara, sai ta fito kamar ta kwana a rana. Wannan ba a gyara shi da manhaja yadda ya kamata, don in ka ƙara ja sai sauran launukan su tashi.

Na uku lumen, yawan hasken ke nan. Ampul mai wat 9 kusan lumen 800 yake bayarwa, mai wat 18 zuwa 20 kuma wajen 1800 zuwa 2000. Na huɗu gindinsa: E27 mai murɗawa, B22 mai turawa a juya. A duba ya dace da mazaunin da za a saya.

Elhaji Sani tela: Harouna, a kasuwar Katako ko babbar kasuwa kwalaye nawa ne ke rubuta CRI ɗin nan? Kuma wanda ya rubuta ma wa ya tabbatar gaskiya ya faɗa?

Harouna mai gyaran wuta: Gaskiyarka Elhaji, rubutun kwali ba rantsuwa ba ne. Dabarar ita ce a tafi da ƙyalle. A ɗauki guntun jar atamfa, guntun mai ruwan hoda da guntun mai ruwan makuba. A dube su a ƙofar shago cikin inuwa, sannan a sa mai shago ya kunna ampul ɗin a dube su a ƙarƙashinsa, a kare da hannu kada hasken waje ya shigo. In jan ya dusashe ya koma ƙasa-ƙasa, ko tafin hannunka ya yi kore-kore kamar na mara lafiya, ajiye shi. Jan tattasai ma yana yin wannan gwajin. A yi gwaji na biyu a nan take: a buɗe kyamarar salula, a sa bidiyo mai tafiyar hawainiya, a nuna wa ampul ɗin. In ana ganin baƙaƙen layuka suna gangarawa, ampul ɗin yana ƙyaftawa da yawa. Kuranmu volt 220 ne a kan hertz 50, saboda haka ampul mara kyau yana dushewa yana haskawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani.

Mariama: Ashe shi ne layukan da ke fitowa a hoto kamar an shimfiɗa tabarma a kan riga. In an riga an saya fa?

Malam Issoufou mai hoto: Akwai mafita. Ki shiga sashen Pro na kyamara, ki sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, ko 1/25 in salular tana kan abin riƙewa mai ƙafa uku. Waɗannan lambobin sun dace da bugun kuranmu, layukan sai su ɓace. In kika bar ta ta zaɓa da kanta ta haura 1/250 ko fiye, za su dawo. Wasu salulolin suna da wurin zaɓar 50Hz ko 60Hz a cikin saiti, a sa 50. Amma kada a rikita wannan da wani abu daban. In layukan suna lanƙwasa kamar ruwan da aka jefa wa dutse, kuma a jikin yadi kaɗai suke, ba laifin ampul ba ne. Saƙar yadin ce mai ƙananan layuka ke karo da ɗigogin kyamara. Maganinsa a matsa gaba ko baya taku ɗaya, ko a ɗan karkata.

Rakia (Yamai): To fitilar zoben fa? Har yanzu ba wanda ya ce komai a kanta.

Malam Issoufou mai hoto: An yi ta ne don fuska, a kusa. Mai faɗin santimita 26 da ake jonawa da USB ƙarfinta wajen wat 10 ne. A rabin mita tana haska fuska da kyau, a mita 2 inda za ki tsaya ki ɗauki doguwar riga ta zama kamar tocila. Ban da haka haskenta daga inda kyamara take yake fitowa, kai tsaye. Hasken da ya zo kai tsaye yana shafe inuwa, kuma ƙananan inuwoyi su ne ke nuna tudun zare, ninkin ɗinki da faɗuwar yadi. A kan shadda kuma zoben kansa zai bayyana a ƙirjin riga. Wanda ya riga ya mallake ta kada ya yar, ya cire salular daga tsakiyarta, ya kai ta gefe, ya rufa mata farin yadi, ya yi hoton kusa da ita: wuya, hannu, maɓalli.

Abdoul-Aziz (Tahoua): Sirrin laushin haske girman wurin da yake fitowa ne idan aka gwada da abin da ake haskawa. Ampul tsirara ƙarami ne, inuwarsa kaifi ce. Ampul ɗin nan dai in ya haska farin yadi mai faɗin rabin mita, yadin ne ya zama fitilar, inuwa ta yi laushi. Saboda haka kada a manna yadin a jikin ampul, ba abin da zai ƙara sai zafi. A bar tazara.

Harouna mai gyaran wuta: Ga yadda ake haɗa akwatin haske, wato kwali mai ampul a ciki da farin yadi a baki. Kwali mai ƙarfi, bakinsa kamar santimita 50 a kan 70, zurfinsa 35 zuwa 40. A liƙa takardar alminiyam ta girki a cikinsa duka, amma a fara cukuikuye ta a warware, don in ta miƙe sumul sai ta tara haske wuri guda. A bayan kwalin a ɗaura guntun katako, a kafa mazaunin ampul huɗu a kansa, tazarar santimita 12 zuwa 15 tsakaninsu. A haɗa su kowane da layinsa daga waya ɗaya, ba a jere ɗaya ya ba ɗaya ba. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa har da saura. Duk mahaɗa a sa ta cikin ɗan akwatin haɗi mai kusoshi, kada a murɗe a naɗe da salatif kawai, kuma kada wani tsiraicin waya ya kusanci alminiyam ɗin, don yana ɗaukar wuta. A yanke shi ya bar yatsa biyu kewaye da kowane mazauni. A baki a ja farin yadi a riƙe da matsen shanya, yadda zai yi nisan santimita 20 zuwa 25 daga kan ampul. Sannan a huda ramuka shida ko takwas a sama da ƙasan kwalin. Mutane suna cewa LED ba ya zafi. Gilashinsa ne ba ya zafi, gindinsa yana yi, kuma zafin ne ke kashe shi. A watan Afrilu da Mayu, da gari ke wuce daraja 40, kwali rufaffe zai gajarta masa rai. A kashe tsakanin riga da riga.

Ƙafar akwatin kuma: bokitin fenti da babu kome ciki, a tsayar da bututun roba na ruwa mai kaurin milimita 32, tsayin mita 2, a zuba kwaɓin siminti zuwa rabi, a bar shi kwana biyu. Yara ba za su iya ture shi ba. Wanda bai iya haɗa waya ba ya kai wa mai gyara, aikin rabin awa ne.

Elhaji Sani tela: Ni dai ina ganin wahala ce wannan. Manyan fitilun halojen na magina, masu wat 500, launinsu gaskiya ne, ba su ha'intar ja. A samu biyu a gama.

Harouna mai gyaran wuta: Ta wajen launi ba a ja da kai Elhaji, halojen CRI ɗinsa kusan 100 ne. Amma mu yi lissafi. Biyu wat 1000 ke nan, sama da amfiya 4 a kan layin gida. Akwatinmu mai ampul huɗu wat 80 ne. A aikin awa biyu halojen ya ci abin da ya ninka sau goma sha biyu. Kuma wat 1000 a ɗakin mita 3 a kan 4 murhu ne. Gilashin gabansa yana iya ƙona yadi, balle leshin roba ko yadin da aka rufa masa don tausasa haske. A ɗakin da ke cike da ƙyallaye ban yarda da shi ba. Haskensa kuma rawaya ne, wajen 3000K, sai an toshe taga gaba ɗaya kafin a yi aiki da shi.

Malam Issoufou mai hoto: Akwai hanyar tsakiya ga wanda ba ya son kwali. Fitilar tsakar gida ta LED mai wat 50, a juya ta ga farin bango ko farin silin, hasken ya dawo da faɗi. Sharaɗi biyu: bangon ya zama fari, kuma a yi mata gwajin jan ƙyalle, don yawancinsu launinsu bai kai na ampul mai kyau ba. In rufin kwano ne tsirara babu silin, wannan dabarar ba ta ci.

Hajiya Zeinabou: Duk na ji, amma kuna ta maganar kashe ƙyalli kamar cuta ne. Mai sayen shadda ƙyallin take saye. Shaddar Getzner da aka kai wa masu bugu ta dawo tana ɗaukar ido, in kun tausasa haske har ta fito kamar yadin makaranta, kun karya mata daraja. Mace tana duba hoto ta gane mai tsada da mai arha ta yadda haske ke kwanciya a kan furen saƙar.

Malam Issoufou mai hoto: Hajiya kin taɓo wurin da ya fi wuya. Ba kashe ƙyallin ake so ba, sarrafa shi. Ƙyalli iri biyu ne. Akwai farin tabo da ke cinye zane, wanda ampul tsirara ko filashin salula ke haifarwa. Akwai kuma sheƙi mai faɗi da ke gangarowa a kan ninki, furen yana bayyana a cikinsa. Na biyun babbar fitila ce ke ba da shi. Furen shadda ba rini ba ne, saƙa ce: zaren fure da zaren fili suna kwance ta fuska daban, shi ya sa ɗaya ke haske ɗaya na dushewa gwargwadon inda haske ya fito. In hasken ya zo daidai daga hagu da dama da ƙarfi ɗaya, bambancin sai ya mutu. Saboda haka ga shadda fitila ɗaya ake sa wa, a gefe, tsakanin gaba da gefen rigar, ta ɗan fi kafaɗa tsayi tana kallon ƙasa. Ɗaya gefen farin kwali kawai, a ɗan nesa. Sannan a juya maratayin a hankali ana kallon fuskar salula, akwai wurin da furen zai tashi gaba ɗaya. Nan ake tsayawa.

Hajiya Zeinabou: Yanzu na ji magana. Ku ƙara da ɗan bidiyo na daƙiƙa biyar ana motsa yadin. Abin da hoto ya kasa faɗa game da sheƙi motsi yana faɗa.

Abdoul-Aziz (Tahoua): Turkudi ya fi shadda ma gardama. A ido shuɗi ne mai duhu da ke walƙiya da ruwan makuba kamar ƙarfe, a salula kuwa ko ya fito baƙi ƙirin ko shuɗin bulla. Shi sai a inuwar waje, ko da ampul mai CRI sama da 90, kuma a kawo farin kwali kusa sosai don yadin ya samu farin abin da zai ɗauka a jikinsa. Kada a shimfiɗa shi a kan farin zanen da ake ɗaukar sauran kaya, shuninsa yana zuba. A sa takarda a ƙarƙashi, a wanke hannu kafin a taɓa farar riga.

Elhaji Sani tela: Aikin wuyan babbar riga fa? Zare ruwan madara a kan yadi ruwan madara, a hoto sai ka rantse ba a yi aikin ba.

Malam Issoufou mai hoto: Wannan haske mai shafar fuska yake so. A shimfiɗa rigar a tebur, a sauko da fitila har ta kusa daidaita da tebur ɗin, kamar taƙi ɗaya ko biyu sama da shi, daga gefe. Kowane zare sai ya jefa 'yar inuwarsa, aikin ya taso. A nan ma ana iya cire ninki ɗaya na yadin akwatin don hasken ya ɗan yi kaifi. Amma a sani, hasken da ke tayar da zare shi ne ke tayar da kowace tamoji da kowane ɓurɓushin auduga. Guga sai ta yi kyau, a bi da salatif a ɗauke zare da ƙura.

Rakia (Yamai): Doguwar riga kuma sama yana haske, ƙasa yana duhu. Me ke kawo shi?

Abdoul-Aziz (Tahoua): Kusanci. Haske in ka ninka nisa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Fitila in tana rabin mita daga kafaɗa, tana mita ɗaya da rabi daga gefen ƙasa, to ƙasan kashi ɗaya cikin tara kawai yake samu na abin da kafaɗa ta samu. Ki ja fitilar baya zuwa mita ɗaya da rabi ko 2, ki sa kwalin a tsaye ta tsawonsa, tsakiyarsa daidai ƙirji. Bambancin zai ragu ƙwarai. Hasken gaba ɗaya zai yi ƙasa, shi ya sa ake sa ampul huɗu ba ɗaya ba, shi ya sa kuma salula ke buƙatar abin ɗorawa. Farin zanen ƙasa shi ma yana cika gefen riga. Ki nisanta rigar daga bango kamar santimita 70 zuwa mita ɗaya, inuwarta ta faɗi ƙasa maimakon ta manne mata a baya.

Mariama: Saura fari da baƙi, su ne ciwon kaina.

Malam Issoufou mai hoto: Kyamara kullum ƙoƙarinta ta mayar da abin da ta gani toka-toka. Ta ga fari ya cika fuska sai ta rage haske, farin ya yi dauɗa. Ta ga baƙi sai ta ƙara, baƙin ya koɗe. Ke za ki gyara mata. Ki taɓa rigar a fuskar salula ki riƙe har ta kulle, sannan ki ja alamar rana. Ga fari ki ƙara, wajen +0.7 zuwa +1, ki tsaya kafin ɗinkin ya ɓace. Ga baƙi ki rage kaɗan, amma ki matso da farin kwali ta gefe don gefunan su fito. Baƙin leshi a sa masa fari ko ruwan toka mai haske a ƙarƙashi, ramukansa ne zanensa. Farar riga kuma kada a sa ta gaban farin bango. Yadi ruwan toka mara sheƙi, mita 2 da rabi, ya ishi kusan kowane launi, kuma yana taimaka wa salula ta daidaita launi.

Sauran saitin: a kashe filashi, a kashe duk wani tace-launi da gyaran fata. ISO, wato lambar ƙarfin jin haske na kyamara, ya tsaya 100 zuwa 200. A sashen WB, inda ake daidaita launin fari, a sa lambar K da ke jikin ampul, a sa farar takarda a gaban rigar, a ɗan motsa lambar har takardar ta yi fari a fuska, a bar shi nan har a gama. A goge gilashin kyamara, maiƙon yatsa da ƙurar hunturu suna sa hoto ya yi hazo. A tsaya baya kamar mita 2 a sa 2x in salular tana da gilashi na biyu, don in an matso da 1x kafaɗa tana kumbura ƙasa ya tsuke. Salula ta tsaya daidai tsakiyar riga, a miƙe. A sa ƙidayar daƙiƙa 3 don hannu kada ya girgiza ta.

Hajiya Zeinabou: Kuma in an gama a ɗora salular kusa da yadin a bakin taga a kwatanta. In hoton ya fi yadin kyau, a rage. Wadda ta biya kuɗin ja mai haske aka kai mata ja mai duhu ba za ta dawo ba, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta a wurin biki.

Elhaji Sani tela: Harouna, in an ɗauke wuta fa? Kusa da salla aiki ya fi yawa, kuma ba kullum kuran ke zama ba.

Harouna mai gyaran wuta: Zaren LED na volt 12, Elhaji. Irin mai ƙwaya 60 a kowace mita yana cin kusan wat 14 a mita. A yanki mita 2, a wurin da aka yi alamar yanka kaɗai, a jera gunduwa huɗu na rabin mita a kan farantin alminiyam ko tsohon tire don ya sha zafin, a sa cikin kwali kamar wancan. Kusan wat 29 ke nan, amfiya 2 da rabi. Ƙaramin batir na 12V 7Ah zai riƙe shi wajen awa ɗaya da rabi in ana son batir ya daɗe, don irin wannan ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi. A sa fis mai amfiya 5 a kan jar waya kusa da batir. Mai sola a gida ya jona a batirinsa in na volt 12 ne. Amfaninsa na biyu, wutar batir ba ta ƙyaftawa, layukan nan babu su, sai dai in an sa masa abin rage haske mai arha, shi yana dawo da su. A sayi fari zalla, kada a sayi mai sauya launuka na ado, farinsa na ƙarya ne. Fitilun caji na hannu kuwa yawancinsu shuɗi ne sosai, kuma suna dushewa a hankali ana cikin aiki, rigar farko da ta goma ba za su yi daidai ba.

Mariama: Kada a manta da turawa. WhatsApp yana matse hoto, aikin zare ya dagule. A danna HD kafin a tura, ko a tura shi a matsayin takarda ga wadda ke son ganin saƙa da kyau.

Rakia (Yamai): Allah ya saka da alheri. In jika 15 ɗin ba ta kai ga duka ba, wanne ke gaba?

Malam Issoufou mai hoto: Fara da yadin toka na baya da farin yadin taga, ke madinkiya ce, wataƙila suna cikin kayanki. Kwali da farin soso a roƙa a shagon masu sayar da firiji. Kuɗin farko ya tafi ga abin riƙe salula mai ƙafa uku, ko na hannu ne. Abin da ya saura a zuba shi a ampul, kuma gara biyu masu kyau da huɗu marasa kyau. Ki sa Harouna ko wani mai gyara ya kafa mazauni huɗu tun yanzu, biyu su zauna babu kome har kuɗi su samu.

Harouna mai gyaran wuta: Sai dai mazaunin da babu ampul a ciki wuta na nan a bakinsa. A sa wa biyun maɓallinsu daban a bar shi a kashe, ko a bar wayarsu ba a jona ba sai ranar da aka sayo. Kuma Rakia ki ajiye kwalin ampul ɗin, ki je da shi in za ki ƙaro, don a ba ki irinsa sak.